Ranar da Aka Tura Kusan-Likita

A asibitin da ke bayan tashar mota akwai wani mai tura gadon marasa lafiya da kowa ke kira Kusan-Likita. Ba shi ya raɗa wa kansa sunan ba, amma bai taɓa ƙin amsawa ba. Shekara goma sha tara yana tura gado daga ɗakin gaggawa zuwa ɗakin hoto, daga ɗakin hoto zuwa ɗakin tiyata. Babu cutar da bai ji sunanta ba, saboda haka a ganinsa babu cutar da bai sani ba. In ya koma unguwa da yamma yakan wanke hannu a bakin famfo a gaban jama'a, ya girgiza kai ya ce, "Yau mun sha fama, amma mun ceto shi." Wanda aka ceto ɗin kuwa, iyakar abin da ya haɗa su shi ne ya buga ƙafar gadonsa da bango sau biyu a kan hanya.

Abu ɗaya ke ci masa rai: duk faɗin asibitin nan ba shi da kujera. Mai gadi yana da benci. Mai yankan kati yana da kujera har da matashi. Shi kuwa sai tsayuwa, in ya gaji ya jingina da bango, Babbar Nas ta wuce ta ce kada ya goge musu fenti.

Wata Litinin aka kawo wata malamar jinya daga babban asibiti ta koya wa ma'aikata yadda ake gane shanyewar ɓarin jiki tun farkon kamawarsa. An kira Kusan-Likita ne don ya jera kujeru, ya kuma riƙe wayar majigi da ke yawan zarewa daga soket. A tsugune ya ji karatun, hannu ɗaya a bango. Malama ta ce a sa mutum ya yi murmushi, a duba ko baki ya karkace. A sa shi ya ɗaga hannu biyu, a duba ko ɗaya ya ƙi tashi. A sa shi ya yi magana, a ji ko harshe ya yi nauyi. In an ga ko da ɗaya daga ciki, a dubi agogo, a riƙe lokacin, a ruga da shi ɗakin gaggawa. Kada a ba shi ruwa, kada a ba shi abinci, kada a ce bari ya huta tukuna.

Da ta gama, Babban Likita ya miƙe ya ce ƙananan ma'aikata ne ke fara ganin jama'a kafin kowane likita. Saboda haka ranar Alhamis ta sama, da ƙarfe goma, shi da Malama za su zagaya su ga wa ya riƙe karatun. Wanda ya yi fice a cikin masu gadi da masu shara da 'yan kicin da masu tura gado, shi zai zama jagoransu. Za a ba shi jar riga, da tebur da kujera a zauren karɓar marasa lafiya.

Jin an ambaci kujera, Kusan-Likita ya saki waya. Majigi ya mutu.

Tun washegari asibiti ya shiga uku. Ya sayo usur ya rataya a wuya, ya kama sintiri yana leƙa fuskokin mutane kamar mai neman ɓarawon takalminsa. Na farkon da ya kama wani dattijo ne da ke zaune a benci, kuncinsa ɗaya ya fi ɗaya girma. Ya hura usur, ya jawo keken marasa lafiya, ya cusa bawan Allah a ciki. Sun kai rabin baranda kafin dattijon ya samu damar tofar da alawar da yake tsotsa.

"Ɗan nan, jikata na kawo allura."

"Baba, gara mu yi kuskure a kanka da mu yi sakaci."

"To ka yi kuskuren a kan ubanka mana."

Na biyu wani direba ne da ya maƙale waya tsakanin kunne da kafaɗa yana rubuta lamba. Na uku mai in-ina ne tun haihuwa, wanda ya zo karɓar maganin tari. Kafin ya iya fitar da kalmar farko ta bayani, an riga an kai shi ƙofar ɗakin hoto.

Na tara shi ne ya jawo taro. Kukun asibiti ya fito daga kicin ɗauke da faffaɗan tire, kwanukan marasa lafiya goma sha biyu a kai, yana yamutsa fuska saboda tururi. Kusan-Likita ya sha gabansa.

"Tsaya nan. Ɗaga hannu biyu."

"Ba ka ga abin da ke hannuna ba?"

"Gardama ma alama ce. Ɗaga."

Ya hura usur daidai kunnen Kuku. Kuku ya zabura, hannu biyu suka tashi sama lafiya lau, tiren ma ya bi su. Ranar ɗakin maza ba su ci abincin rana ba sai la'asar.

Babbar Nas ta kira shi ofis. Ya shiga yana goge miya daga gira.

"Wa ya sa ka?"

"Ranki ya daɗe, kishin aiki."

"Mutum nawa ka kama daga Talata zuwa yau?"

"Tara."

"Nawa ne ke da ciwon?"

"Alhamdu lillahi, ranki ya daɗe, babu ko ɗaya. Kin ga amfanin kamawa da wuri."

Ta dube shi, ta ce ya fita kafin nata bakin ya karkace.

Wani zai yi sanyi. Shi kuwa sai ya buɗe aji. Kullum bayan azahar yakan tara ƙananan ma'aikata a bayan ɗakin wanki, ya hau kan bokitin da aka kife, ya yi ta zuba. Suna zuwa ne don wurin akwai inuwa. A cikinsu akwai wata dattijuwa mai goge baranda da ake kira Inna Mai Mofa, wadda ba ta karatu ba ta rubutu, amma ita kaɗai ke sauraro da gaske. Ranar da Malama ta zo, tana bakin taga tana goge gilashi ɗaya har aka tashi.

"Malam," in ji ta, "ka manta agogo. Malama ta ce a fara duban lokaci."

"Inna, agogo na masu jira ne. Mu masu aiki gudu muke yi."

"Ta ce likita zai tambaya ƙarfe nawa abin ya fara, don da shi zai san maganin da zai bayar."

"Ke kika zauna a ajin ko ni?"

"Kai ma ai a tsugune kake."

Aka kwashe da dariya. Inna ba ta yi ba. Ta ce da mijinta ya tashi da karkataccen baki, ruwa suka ɗura masa, suka lulluɓe shi suka ce barci zai warware. Shekara shida ta yi tana juya shi a kan tabarma kafin ya rasu. Da ta san abin da ta ji a bakin taga, da a bayanta za ta goyo shi zuwa asibiti.

Wurin ya yi tsit. Kusan-Likita bai iya zama da shirun da ba nasa ba, sai ya yi gyaran murya ya ce Allah ya ji ƙansa, amma wannan ajin ilimi ne, a ajiye labarin gida a gida. Maganar ta soki Inna, kowa ya gani a fuskarta. Ta sunkuya ta matse mofarta.

"Ga babbar doka," in ji shi, yana ɗaga yatsa. "Wanda abin ya kama shi ne na ƙarshen sani. Zai rantse muku lafiyarsa ƙalau. Zai yi faɗa, zai yi zagi. Kada ku saurare shi. Ku kwantar da shi, ku ja bel ɗin gado, ku ruga."

Mai gadi, wani ƙato mai kafaɗa kamar ƙofar shago, ya ce, "Ko wane ne?"

"Ko wane ne."

"Ko kai ne?"

"Ko ni ne. Sai dai ni ba zai kama ni ba, mun san juna."

Ana saura kwana biyu sai tunani ya dame shi. Idan Babban Likita ya zagayo ranar Alhamis, ba wanda ya kamu da komai, a ina za a ga ficensa? Ciwo ba ya zuwa da alƙawari. Ya ga tunda haka ne, gara ya zo da nasa daga gida.

Ƙanin matarsa tela ne, magidanci mai 'ya'ya uku, wanda ba a cika sanin fuskarsa a asibiti ba. Ranar Laraba da yamma Kusan-Likita ya kira shi tsakar gida ya shimfiɗa masa shiri. Gobe Tela zai zauna a bencin zaure kamar mai jiran kati. Da manya sun shigo, Kusan-Likita zai hura usur sau ɗaya. Tela ya karkace baki, ya saki hannu, ya sulale ƙasa. Sauran aikin na gwani ne.

"Wane ɓarin zan karkace, Yaya?"

"Dama."

"Damata ko damarka?"

"Taka."

Tela ya karkace baki hagu, ya saki hannun dama, ya ɗingisa da ƙafa biyu, ya ƙara da zaro harshe.

"Wa ya ce ka fito da harshe? Akuya aka yanka?"

Matar gidan tana bakin murhu tana kallonsu. Ta ce, "Baban yara, da ka bar wannan wasan ka je an duba haƙorin nan. Kwana biyar kana tauna da gefe ɗaya."

"Haƙori ƙaramin sashe ne. Ina kula da shi da kaina."

"Da ruwan gishiri?"

"Ke dai ki tanadi wurin rataye jar riga."

Aka zo gwajin faɗuwa. Aikin Kusan-Likita ne ya tare shi kafin ya kai ƙasa, don manya su ga zafin nama. Sau biyu Tela ya faɗi a hankali kamar mai shirin zama. A na uku Kusan-Likita ya daka masa tsawa ya ce ya faɗi da gaske. Tela ya saki jikinsa gaba ɗaya, ga shi ba ƙaramin mutum ba. Suka zube tare a kan turmi, kafaɗar Kusan-Likita ta dama ta yi ƙara. Da ya tashi, hannun ba ya wuce ƙirji.

"Ba komai," in ji shi, yana cije leɓe. "Na san jijiyar. Gobe za ta saki."

Gobe ta zo, jijiya ba ta saki ba, haƙori kuma ya ce ga shi nan. Ya tashi da ciwon da ya kai masa har cikin ido. Ƙarfe tara ya lallaɓa ta ƙofar baya zuwa wurin likitan haƙori, don kada 'yan ajinsa su gan shi a layin marasa lafiya. Likitan ya leƙa bakin ya ce wannan sai cirewa. Ya yi masa allurar kashe zafi har biyu, ya cire haƙorin, ya cusa auduga, ya ce ya zauna nan minti talatin kada ya yi magana.

Kusan-Likita ya dubi agogon bango. Goma saura minti biyar. Da likitan ya juya wanke hannu, sai ya zame ya fice.

Zaure ya cika maƙil. Tela na zaune a benci na gaba, ya sha sabuwar riga, yana ta motsa baki hagu da dama yana tuna darasi. Mai gadi na bakin ƙofa, Kuku na tsaye kusa da shi. Inna Mai Mofa na goge ƙasan tagar kati. Can ƙarshen baranda ga Babban Likita da Malama da Babbar Nas suna tahowa. Kusan-Likita ya tsaya tsakiyar zaure, ya gyara tsayuwa, ya ji a ransa kamar ya riga ya zauna a kujerar. Bai san cewa ɓarin fuskarsa na dama ya sauka kamar rigar da aka rataya a ƙusa ɗaya ba, don ba ya jin wurin sam.

Ya sa usur a baki ya hura. Iska ta fita ta gefe, yawu ya biyo ta, usur ya faɗo kan ƙirjinsa. Ya mayar ya sake hurawa. Usur ya sake faɗowa.

Inna ta jingine mofa da bango. Ta zo gabansa, ta ɗaga kai ta dube shi da kyau.

"Malam, yi mini murmushi."

Ya harare ta. Ya so ya ce ta matsa, manya na zuwa. Abin da ya fito daga bakinsa bai yi kama da maganar kowace ƙasa ba.

"Ɗaga hannu biyu."

Don ya rabu da ita ya ɗaga. Na hagu ya tashi sama. Na dama ya kai ƙirji ya tsaya, ya koma ƙasa.

Inna ta juya ta dubi agogon bango. "Goma da minti biyu," ta faɗa da ƙarfi. "Mai gadi, kawo gado. Kuku, buɗe hanya. Goma da minti biyu, kowa ya riƙe."

Kusan-Likita ya ja da baya yana kaɗa hannun hagu, yana nuna bakinsa, yana nuna ƙofar likitan haƙori. Mai gadi ya iso da gadon, nasa gadon da ya tura shekara goma sha tara, mai taya ɗaya da ke kuka.

"Yana cewa lafiyarsa ƙalau," in ji Kuku.

"Haka ya ce zai ce," in ji mai gadi. Ya sure shi kamar buhun auduga ya shimfiɗa, ya ja bel a ƙirji, ya ja a gwiwa.

Wata mai jiran kati ta taso da robar ruwa tana salati. Inna ta tare ta da hannu. "Ko ɗigo. A juya shi ta gefe kada yawu ya shaƙe shi. Mu tafi."

Aka ruga. Kuku ne a gaba yana kore mutane, kuma duk wanda ya ga fuskarsa ya san bai manta da kwanuka goma sha biyu ba. A kwanar farko ƙafar gado ta bugi bango. Kusan-Likita ya ji bugun har cikin ramin haƙorinsa, ya fahimci abin da mutane suka daɗe suna yi masa ƙorafi a kai. Fitilun silin suna wucewa ta kansa ɗaya bayan ɗaya. Bai taɓa sanin silin ɗin barandar nan yana da tabon ruwa haka ba.

Tela kuwa ya rasa inda zai sa kansa. Usur bai yi ƙara ba, amma ga gado ya tafi. Ya ɗan karkace baki ya duba ko wani zai kula, ba wanda ya kula. Ya sulale ƙasa a hankali, wata mata ta tsallake shi. Sai ya tashi ya kaɗe rigarsa ya bi gadon da gudu.

A ɗakin gaggawa Babban Likita, wanda ya biyo gadon tun daga baranda, da kansa ya karɓe su, Malama na gefensa, jama'a sun cika ƙofa.

"Yaushe ya fara?"

"Goma da minti biyu na gani, ranka ya daɗe," in ji Inna. "Da safe ƙarfe takwas na gan shi lafiya, yana yi wa mai yankan kati bayanin ciwon hanta. Baki ya karkace dama, hannun dama ba ya tashi, magana ba ta fita. Ba a ba shi komai ba."

Malama ta dubi agogon hannunta, ta dubi Babban Likita. "Minti uku," in ji ta.

Babban Likita ya haska idon Kusan-Likita da tocila, ya ce ya buɗe baki. Ya sa almakashin kama auduga ya zaro wani jiƙaƙƙen dunƙule ya ɗaga sama. Daidai nan likitan haƙori ya kutso yana tambaya ko an ga wani mara lafiyarsa da ya gudu da allura biyu a baki.

"To hannun fa?" in ji Babban Likita.

Tela ne ya amsa, yana haki daga bakin ƙofa. "Wannan ni ne, ranka ya daɗe, jiya wajen gwaji na faɗa masa a kai." Ya matso kusa da gado ya sunkuya, a zatonsa raɗa yake yi. "Yaya, wai an canza shiri ne? Ka ce ni zan faɗi in ka hura usur, kai ka cece ni a gaban manya. Na faɗi a zaure ba wanda ya zo. In sake faɗuwa a nan, ko in koma shago?"

Dariyar da ta tashi har ɗakin haihuwa an ji ta. Babbar Nas ta juya ta fuskanci bango, kafaɗunta na rawa. Kusan-Likita ya rufe ido, ya yi fatan a ce da gaske ne ciwon, ko a tausaya masa.

Malama ce kaɗai ba ta yi dariya sosai ba. Ta ce wa jama'a abin da Inna ta yi shi ne daidai, ko da haƙori ne, ko da wasa ne. Gane bambancin aikin likita ne. Aikin wanda ya fara gani shi ne ya riƙe lokaci ya kawo mutum da sauri. Babban Likita ya aika aka ɗauko jar rigar daga ofis, ya miƙa wa Inna a gaban kowa. Ta karɓa da hannu biyu, ta daɗe tana kallonta, idonta ya kawo ruwa. Kowa a wurin ya san wa take tunawa.

Sai bayan azahar bakin Kusan-Likita ya dawo wurinsa. Abin da ya fara yi da shi shi ne ya tare mai gadi a baranda.

"Ka ga yadda na tsara abin? Na ce bari in gwada ku da jikina, in ga ko karatu ya zauna. Minti uku. Ɗalibaina ke nan."

"Haka ne," in ji mai gadi. "Har da kukan da ka yi a kwana, duk cikin tsari ne."

Ya wuce zaure yana tura gadonsa da hannu ɗaya. Ga sabon tebur, ga kujera mai matashi, ga Inna a kai cikin jar riga, mofarta jingine a gefe. Ta yafito shi.

"Malam, ya jiki?"

"Da sauƙi."

"Gobe akwai aji ƙarfe huɗu, a ɗakin taro. Malama ta ce a samo wanda za a riƙa gwaji da shi, na ce muna da gwani a gida, ba sai an ɗauko tela ba." Ta gyara zama. "Ka zo da wuri ka jera kujeru. Guda ashirin."

Ya ƙirga 'yan ajin a ransa. Da shi, ashirin da ɗaya ne.

"Inna, saura ɗaya."

"A'a, sun isa," in ji ta. "Kai a gado za ka kwanta."